Wa'adi gajere, aiki mai dogon zango: nazarin shugabancin Anne Lauvergeon a kamfanin Areva

Daga Katsina akwai layin wutar lantarki mai ƙarfin kilobolt 132 da ya ƙetare iyaka ya nufi Gazawa a Jamhuriyar Nijar, daga nan ake raba wutar zuwa Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, aka kuma rufe iyakoki har da ta Jibiya da ta Kwangwalam, sai wata tsohuwar tambaya ta dawo majalisun Katsina da Daura, inda da wuya a sami unguwar da ba ta da dangi ko abokan ciniki a ƙetare: ta yaya ƙasar da aka shafe sama da shekaru hamsin ana haƙo yuraniyom a cikinta, ana kunna wuta da shi a Faransa, za ta zauna cikin duhu don an kashe layin da ya fito daga Najeriya? Amsar da aka fi bayarwa ita ce sharrin Turawan mulkin mallaka. Akwai gaskiya a cikinta, amma amsa ce da take rufe bincike tun kafin a fara shi. Kamfanin Faransa da ya riƙe ma'adinan Arlit, wanda aka fi sani da Areva, mutane ne suke tafiyar da shi, masu suna da buri da wa'adi, kuma akwai ranakun da suka zauna suka sa hannu a takardun da sakamakonsu ya kai har yau. Wannan nazari ya ɗauki mutum ɗaya daga cikinsu, Anne Lauvergeon, wadda ta riƙe ragamar harkar daga 1999 zuwa 2011, domin a ga yadda ake yanke shawara a ƙololuwar masana'antar nukiliya, da kuma wanda nauyin shawarar yake faɗa wa idan ta ɓaci.

An haife ta a birnin Dijon na Faransa a 1959. Ta karanta kimiyyar fiziks a École normale supérieure, sannan ta shiga rukunin injiniyoyin gwamnati da ake kira Corps des Mines, wanda mutane ƙalilan yake ɗauka a shekara, amma daga cikinsa ne Faransa ta daɗe tana fitar da shugabannin manyan kamfanonin makamashi da na ƙarafa. Ta fara aiki a kamfanin ƙarfe na Usinor a 1983, ta yi nazarin haɗurran masana'antun sinadarai a hukumar makamashin nukiliya ta ƙasar, wato CEA, ta kuma yi aikin duba masana'antu a yankin Paris. A 1990 Shugaba François Mitterrand ya jawo ta fadarsa domin ta kula da al'amuran tattalin arzikin ƙasa da ƙasa, shekara ɗaya bayan haka ta zama mataimakiyar babban sakataren fadar kuma mai shirya masa tarukan ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, tana 'yar shekara talatin da kaɗan. Da Mitterrand ya sauka a 1995 ta koma bankin Lazard, daga can ta wuce kamfanin sadarwa na Alcatel a 1997, sai a watan Yunin 1999 gwamnatin Lionel Jospin ta naɗa ta shugabar Cogema, kamfanin gwamnati mai haƙo yuraniyom da sarrafa shi.

Duk wanda ya bi wannan tarihi zai lura cewa babu shekarar da ta yi tana tsaye kan ginin tashar nukiliya ko tana tafiyar da mahaƙar ma'adinai. Abin da ta zo da shi shi ne sanin ƙofofin gwamnati, da iya ciniki da shugabannin ƙasashe, da fahimtar yadda ake haɗa kamfanoni. Wannan ba aibi ba ne a kan kansa, domin masana'antar a lokacin tana cikin kunya da ɓoye-ɓoye tun bayan haɗarin Chernobyl na 1986, kuma tana buƙatar mai iya magana da jama'a. Ɗaya daga cikin abubuwan farko da ta yi shi ne sa kyamarori a masana'antar La Hague, inda ake sake sarrafa makamashin da aka riga aka yi amfani da shi, domin kowa ya leƙa ta intanet. Sai dai za a gani a gaba cewa manyan asarori biyu da kamfanin ya yi sun fito ne daga wuraren nan biyu da ba ta taɓa zama ba, wato filin gini da ramin haƙa.

A watan Satumban 2001 ta haɗa Cogema da Framatome, mai ƙera tukwanen nukiliya, da wasu kadarorin hukumar CEA, aka sami Areva. Tunanin da aka gina kamfanin a kansa mai sauƙin fahimta ne. Kafin yuraniyom ya ba da wuta sai an haƙo dutsen, an niƙa shi, an fitar da garinsa mai launin rawaya, an tace shi har nau'in da ke ba da zafi ya tashi daga kimanin kashi 0.7 cikin 100 zuwa tsakanin kashi 3 da 5, an cusa shi a dogayen sandunan ƙarfe, an jera su cikin tukunya inda zafinsu ke tafasa ruwa, tururin ya juya injin. Bayan 'yan shekaru a fitar da sandunan a adana ko a sake sarrafa su. Areva ta ce za ta riƙe kowane mataki, ta sayar wa ƙasa tukunya, sannan ta ci gaba da sayar mata da makamashi da gyara na tsawon shekaru sittin da tukunyar za ta yi tana aiki. A 2004 ta sayi sashen Alstom mai ƙera kayan rarraba wuta. Zuwa 2008 kamfanin yana da ma'aikata kimanin 75,000 da cinikin sama da Yuro biliyan 13 a shekara, kuma a 2009 mujallar Forbes ta sa shugabarsa cikin mata goma mafi ƙarfin faɗa a ji a duniya.

Tsarin yana da rauni tun daga tushe. Kimanin kashi 90 cikin 100 na hannun jarin kamfanin a hannun gwamnatin Faransa da hukumominta yake, kuma gwamnatin ta daɗe ba ta zuba sabon kuɗi ba, ba ta kuma yarda a sayar wa wasu da hannun jari mai yawa ba. Kamfani mai burin riƙe komai daga rami zuwa tukunya yana buƙatar biliyoyi kowace shekara, don haka sai bashi da sayar da kadara suka zama abin dogaro.

Shawara ta farko: Olkiluoto

A watan Disamban 2003 Areva da abokin haɗin gwiwarta Siemens na Jamus suka sa hannu da kamfanin TVO na ƙasar Finlan kan gina sabon samfurin tukunya da ake kira EPR, mai ƙarfin megawat 1,600, a tsibirin Olkiluoto. An ƙayyade farashi a kan kimanin Yuro biliyan 3, da alkawarin fara ba da wuta a 2009, kuma duk abin da ya ƙaru a wuyan masu ginin yake. Mutumin Katsina ya san ɗan kwangilar da yake karya farashi don kawai allonsa ya tsaya a bakin babban titi, yana lissafin cewa ayyukan da za su biyo baya za su mayar masa da abin da ya rasa. Lissafin Areva ke nan, domin an daɗe ba a ba da kwangilar sabuwar tukunya a Yammacin Turai ba, kuma wanda ya fara ginawa shi zai nuna wa Sin da Indiya da ƙasashen Larabawa abin da ya iya.

Matsalar ita ce duk tashoshin Faransa kamfanin wutar lantarki na EDF ne ya jagoranci gininsu, Framatome kuwa tukunya da kayanta kawai yake kawowa. A Finlan Areva ta hau kujerar babban ɗan kwangila ba tare da EDF ba, a kan samfurin da ba a taɓa ginawa ba, kuma aka fara aiki a 2005 alhali zanen bai kammala ba. Hukumar sa ido kan nukiliya ta Finlan, STUK, ba ta ɗaga ƙafa: ta sami ruwa ya yi yawa a kankaren harsashi, ta ƙi amincewa da walda a wurare da dama, ta kuma soki yadda ake kula da ƙananan 'yan kwangila waɗanda da yawansu ba su taɓa aikin nukiliya ba. Daga baya aka shafe shekaru ana kai-kawo kan na'urorin kwamfuta masu sarrafa tukunyar. Tashar ba ta fara aiki sosai ba sai a watan Afrilun 2023, shekaru goma sha huɗu bayan lokacin alkawari, kuma an ƙiyasta kuɗin da ta ci da kimanin Yuro biliyan 11.

Shawara ta biyu: UraMin

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin wannan cinikin ne ya fi ɓata sunanta, kuma yana da alaƙa da Nijar fiye da yadda ake zato. A ƙarshen shekara ta 2000 laba ɗaya ta yuraniyom kimanin dala 7 take a kasuwar nan-take, wato inda ake saye ba da kwangilar dogon lokaci ba. Daga nan farashi ya riƙa hawa saboda maganar da ta cika duniya cewa nukiliya za ta farfaɗo, sai a watan Oktoban 2006 ruwa ya cika mahaƙar Cigar Lake ta Kanada, wadda ake sa ran za ta cike giɓin kasuwa kuma Areva ma tana da kaso a cikinta. 'Yan kasuwar hada-hadar kuɗi suka shigo suna saye suna ɓoyewa, farashi ya kai kimanin dala 136 a tsakiyar 2007. A daidai wannan ƙololuwa Areva ta sayi wani ƙaramin kamfani mai suna UraMin a kan dala biliyan 2.5, kimanin Yuro biliyan 1.8. An kafa kamfanin ne a 2005, bai taɓa fitar da ko tan ɗaya na yuraniyom ba, abin da ya mallaka shi ne izinin haƙa a wurare uku: Trekkopje a Namibiya, Bakouma a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, da Ryst Kuil a Afirka ta Kudu.

Ƙiyasin abin da ke ƙarƙashin ƙasa ya dogara ne da rahoton masana da masu sayarwa suka ɗauki nauyinsa. Kamfanin da yake da ƙwararrun masana duwatsu, waɗanda suka yi shekaru suna aiki a Arlit da Kanada da Kazakistan, bai tsaya ya yi cikakken gwajin kansa ba kafin ya biya. Da aka shiga aiki sai aka ga kallon kitse aka yi wa rogo. Dutsen Trekkopje yuraniyom ɗin da ke cikinsa kaɗan ne ƙwarai, wurin kuma hamada ne, har sai da aka gina masana'antar tace ruwan teku aka buɗe ta a 2010 domin a sami ruwan aiki. Na Bakouma a cakuɗe yake da wani sinadari mai wuyar rabawa, a wuri mai nisa da babu hanya babu tsaro. Farashi ya faɗo zuwa wajen dala 40 cikin shekaru biyu. A ƙarshen 2011, watanni kaɗan bayan tafiyarta, kamfanin ya rage ƙiyasin ma'adinin Trekkopje da kimanin kashi 40 cikin 100, ya kuma share kusan dukan kuɗin sayen daga littattafansa a matsayin asara. Kotun da ke binciken kuɗaɗen gwamnatin Faransa ta soki cinikin, masu gabatar da ƙara suka buɗe bincike, kuma a watan Mayun 2016 alƙalan bincike suka tuhumi Lauvergeon kan yadda aka gabatar da lissafin kamfanin a 2010 da 2011. Ta musanta aikata laifi, kuma tuhuma a tsarin shari'ar Faransa ba hukunci ba ce. Wannan nazari bai dogara da shari'ar ba, domin ko babu laifi a idon doka, cinikin ya ci kusan Yuro biliyan 2 ba tare da ya kawo komai ba.

Me ya sa mutum mai kaifin basira irin nata ya yi wannan gaggawa? A ganina tsarin kamfanin ne ya tura ta. Wanda ya yi alkawarin sayar da tukunya tare da makamashinta na shekaru masu yawa dole ya nuna wa mai saye ramin da makamashin zai fito. A watan Nuwamban 2007 Areva ta ƙulla cinikin Yuro biliyan 8 da wani kamfanin ƙasar Sin kan tukwane biyu a Taishan, kuma a cikin cinikin har da alkawarin kashi 35 cikin 100 na abin da UraMin zai haƙo. Dalili na biyu yana arewa da Agadas.

Shawara ta uku: Nijar da Imouraren

An kafa kamfanin Somaïr a 1968 ya fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, aka kafa Cominak a 1974 ya fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akouta a 1978. Garuruwan Arlit da Akokan saboda mahaƙun suka tashi, kuma Hausa ce harshen kasuwa a cikinsu. Ana loda garin yuraniyom a manyan motoci a bi ta Agadas da Tawa zuwa Jamhuriyar Benin, daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya wuce Faransa. A zamanin Lauvergeon kimanin kashi ɗaya cikin uku na abin da Areva take haƙowa daga nan yake fitowa. A farkon 2007 farashin da aka yi yarjejeniya a kansa sefa 27,300 ne kowane kilo, alhali farashin kasuwar nan-take ya ninka haka sau da dama. Hujjar kamfanin ita ce yawancin yuraniyom da kwangilar dogon lokaci ake sayar da shi, kuma a shekarun da kasuwa ta mutu ya ci gaba da biyan Nijar sama da farashin kasuwa. Hujjar tana da ƙafa, amma ba ta isa ta gamsar da gwamnatin da take kallon farashi yana tashi kowane wata ba, a ƙasar da har yau kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki.

Shugaba Mamadu Tanja ya yi amfani da damar da kyau. Ya buɗe wa kamfanonin Sin da na wasu ƙasashe ƙofar neman ma'adinai, aka bai wa Sinawa Azelik. Da tawayen ƙungiyar MNJ ya ɓarke a arewa a watan Fabrairun 2007, gwamnatinsa ta zargi Areva da taimaka wa 'yan tawaye, kamfanin ya musanta, amma a watan Yuli aka kori babban wakilinsa daga ƙasar. Ba a jima ba farashi ya koma sefa 40,000, kuma a watan Janairun 2008 Lauvergeon da kanta ta sauka Yamai ta sa hannu kan ƙarin da ya kai shi sefa 55,000, tare da bai wa Nijar damar sayar da wani kaso da kanta. Idan aka jera watannin za a ga cewa sayen UraMin ya faɗo ne a tsakiyar wannan rikici, lokacin da kamfanin yake neman wurin da zai dogara da shi idan Nijar ta kuɓuce masa.

Abin da Lauvergeon take nema a wajen Tanja shi ne Imouraren, wani makeken ma'adini da aka gano tun 1966 kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, wanda aka ƙiyasta yana ɗauke da wajen tan 200,000. Ranar 5 ga Janairun 2009 aka sa hannu: Areva za ta riƙe kashi 66.65 cikin 100, Nijar ta riƙe 33.35, za a zuba Yuro biliyan 1.2, a fara haƙa a 2012, a riƙa fitar da tan 5,000 a shekara har shekaru 35, abin da zai ninka abin da ƙasar take fitarwa. Shugaba Nicolas Sarkozy ya zo Yamai a watan Maris, aka aza harsashi a watan Mayu. A wannan shekarar ce Tanja ya shiga tazarce, yana kafa hujja da manyan ayyukan da ya fara bai gama ba, kuma Imouraren yana cikinsu tare da madatsar ruwa ta Kandaji da matatar man Damagaram. Ba sai an zargi kowa da haɗin baki ba kafin a ga cewa shugabannin biyu kowannensu yana buƙatar a yi bikin sa hannu a lokacin, ɗaya don ya nuna wa talakawa dalilin zamansa, ɗaya don ta nuna wa gwamnatinta da masu saye cewa ta tanadi yuraniyom na shekaru talatin da biyar. Dutsen Imouraren kuwa yuraniyom ɗinsa bai kai kashi 0.1 cikin 100 ba, kuma sai an kwashe ƙasa mai zurfin sama da mita 100 kafin a kai gare shi, don haka ribarsa ta rataya ne a kan farashi mai tsada, farashin da ya riga ya faɗi kafin a sa hannu. Sojoji suka kifar da Tanja ranar 18 ga Fabrairun 2010.

Akwai ɓangaren da ba ya fitowa a lissafin riba da asara, kuma shi ya fi damuna. Ƙungiyar Aghirin'man ta mazauna Arlit ta yi shekaru tana kuka kan ruwan sha da ƙura da ƙarafan mahaƙa da ake sayarwa a kasuwa ana yin kayan gida da su. Masanan CRIIRAD, wata cibiyar awon tururin nukiliya mai zaman kanta a Faransa, sun yi awo a 2003, ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta yi nata a ƙarshen 2009 ta sami tururin nukiliya mai yawa a wasu titunan Akokan inda aka yi ciko da duwatsun mahaƙa. Kamfanin ya kwashe wuraren da aka nuna, ya kuma amince a 2009 da kafa cibiyoyin bin lafiyar tsofaffin ma'aikata, amma ta yankin Agadas ba ta fara aiki ba sai a ƙarshen 2011, kuma ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa da aka yi yarjejeniyar da ita ta janye a 2012 tana cewa abin bai biya buƙata ba. Shugabar da ta sa kyamara a La Hague don Faransawa su gani da idonsu tana da ikon ta yi wa mutanen Arlit irin wannan adalci tun da wuri, ba tare da an jira wasu sun zo daga waje da na'urar awo ba.

Saukar Lauvergeon ta zo ne a hankali. A watan Janairun 2009 Siemens ya sanar da ficewa daga haɗin gwiwar, dole Areva ta nemi kuɗin sayen kashi 34 cikin 100 da yake riƙe da shi a sashen tukwane. A watan Disamban shekarar kamfanonin Faransa suka rasa kwangilar dala biliyan 20 ta tukwane huɗu a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Koriya ta Kudu ta ɗauke, aka kuma ɗora laifin a kan tsadar EPR da rashin jituwa tsakaninta da sabon shugaban EDF, Henri Proglio, wanda yake kusa da Sarkozy. A 2010 aka sa ta sayar da sashen rarraba wuta da ta saya shekaru shida kafin nan. A tsakiyar Satumban 2010 'yan al-Ƙa'ida suka sace mutum bakwai a Arlit, ma'aikatan Areva da na wani kamfanin gine-gine da matar ɗaya daga cikinsu, huɗu na ƙarshe ba su sami kuɓuta ba sai a watan Oktoban 2013. Ƙarin jarin da ta daɗe tana roƙo ya zo a ƙarshen 2010, Yuro miliyan 900 kacal, miliyan 600 daga ciki daga Kuwait. Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar Fukushima ta Japan, kuma a watan Yuni Sarkozy ya ƙi sabunta mata wa'adi, ya naɗa ɗaya daga cikin mataimakanta, Luc Oursel.

Adalci ya wajabta a raba abin da yake nata da abin da ba nata ba. Ba ita ta kawo Fukushima ba, kuma babu shugaban kamfani da zai iya hana Jamus yanke shawarar rufe tashoshinta ko Japan dakatar da nata, abin da ya sa farashin yuraniyom ya gangaro daga wajen dala 70 zuwa ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. Tana kuma da shawarar da ta yi daidai: ita ce ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Urenco don samun fasahar tace yuraniyom da injina masu juyawa da tsananin gudu, aka gina masana'antar Georges Besse II a Tricastin aka buɗe ta a ƙarshen 2010, ta maye gurbin tsohuwar da take shanye wutar tukwanen nukiliya kusan uku ita kaɗai. Tukunyar Taishan ta farko ta fara aiki a 2018, ta Olkiluoto kuma yanzu tana ba Finlan kimanin kashi 14 cikin 100 na wutarta. Amma asarar Finlan da ta UraMin sun riga sun tabbata kafin Fukushima, kuma dukansu daga hali ɗaya suka fito, wato ɗaukar alkawari mai girma a kan ƙiyasin da ba a gwada ba, a lokacin da mai ɗaukar alkawarin yake da ƙarfin siyasar da zai sa masu sa ido su yi shiru. Masu sa idon nan, wakilan gwamnati a majalisar kamfanin, su ma da nasu kason, domin sun amince da cinikin biliyoyi cikin 'yan makonni a daidai lokacin da ake sauya shugaban ƙasa a 2007.

Wannan bai yi nisa da mu ba kamar yadda ake gani. Najeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa tun 1976, tana da ƙaramar tukunyar bincike mai kilowat 30 a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tun 2004, ta ware Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren da za a iya gina tasha, ta kuma sa hannu kan yarjejeniyoyi da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017. Abin da Rosatom yake tallatawa a yau, har a Masar inda yake gina tukwane huɗu da bashin dala biliyan 25 daga Rasha, shi ne tsarin da Areva ta yi mafarkinsa, wato gini da makamashi da gyara duk daga hannu ɗaya. Ɗaliban fiziks da ke Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-ma, idan aikin ya tabbata, wasunsu za su zauna a hukumomin da za su karanta irin waɗannan takardu, kuma wanda zai zauna a ɗaya gefen teburin zai kasance mutum mai wa'adin shekaru biyar yana sayar da aikin shekaru sittin. Jihar da ta ga injinan iska masu megawat 10 a Lambar Rimi sun ɗauki sama da shekaru goma kafin su kammala ta san tazarar da ke tsakanin ranar sa hannu da ranar kunna wuta.

A 2014 Areva ta yi asarar Yuro biliyan 4.8 a shekara ɗaya. A watan Mayun shekarar gwamnatin Mahamadu Isufu, wanda shi kansa injiniyan ma'adinai ne da ya taɓa aiki a Somaïr, ta sabunta yarjejeniya da kamfanin: harajin ma'adinai zai iya tashi daga kashi 5.5 zuwa 12 cikin 100, 'yan Nijar za su shugabanci mahaƙun biyu, kamfanin zai ba da Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, amma aka jingine Imouraren har sai farashi ya tashi, aka sallami ma'aikatan da aka ɗauka. A 2017 gwamnatin Faransa ta zuba kimanin Yuro biliyan 4.5 na kuɗin talakawanta ta ceto kamfanin, aka kuma wargaza abin da Lauvergeon ta haɗa: sashen tukwane ya koma hannun EDF da tsohon sunansa Framatome, sashen yuraniyom ya zama Orano a watan Janairun 2018. Cominak ya rufe ranar 31 ga Maris 2021 bayan ma'adininsa ya ƙare, kimanin ma'aikata 600 suka rasa aiki ban da na ƙananan 'yan kwangila, aka bar tarin sharar mahaƙa da ya kai wajen tan miliyan 20 kusa da Akokan, wanda aikin binne shi zai ɗauki shekaru. A watan Yunin 2024 gwamnatin soja ta Yamai ta ƙwace izinin Imouraren daga Orano, shekaru goma sha biyar bayan sa hannu ba tare da mahaƙar ta fara fitar da yuraniyom ba, kuma a watan Yunin 2025 ta sanar da mayar da Somaïr mallakar gwamnati.